Kayan gyaran babur na haɗin gida

Kayan gyaran babur na haɗin gida su ne waɗanda mai babur ko ƙaramin makanike ke haɗa wa kansa daga tsofaffin ƙarafa, katako, jarkoki da sassan babur da suka gama aiki, maimakon ya sayi na kanti. A Katsina da Daura, inda babur ne abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa da manomi da ɗan acaɓa, wurin irin wannan gyara yakan kasance a zaure ko a gindin bedi a ƙofar gida. Abin da ake saye bai cika wuce sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 ba, sai sifanar fulogi, filaya, sukundireba da guduma. Sauran kuwa dabara ce ke samar da su.

Dalilin yawaitarsu

Baburan da suka cika titunan yankin, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng da Haojue na Sin, masu silinda ɗaya ne, injinsu tsakanin cc 100 zuwa 125. Iska ce ke sanyaya su, kafireta ce ke ba su mai, babu kwamfuta a ciki. Wanda ya taɓa ganin an kwance sau biyu zai iya gwadawa. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana toshe matatar iska tana cinye sarƙa, don haka ƙananan gyare-gyare ba sa ƙarewa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan aikin da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Ga kuma maƙera da masu walda a kusan kowace unguwa, waɗanda za su lanƙwasa wa mutum ƙarfe a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Na ɗagawa da na tara

Mafi sauƙi shi ne guntun katako mai kauri da ake cusawa ƙarƙashin inji bayan an kafe babur, don tayar gaba ta tashi daga ƙasa. Mai ɗan hali yakan sa a walda masa benci mai tsayin gwiwa, da falankin turo babur sama, bayansa ya huta da sunkuyo.

Jarkar lita 4 da aka kwantar aka yanke gefenta ta isa tarar baƙin mai, tunda abin da injin Boxer ke ɗauka wajen lita ɗaya ne. Gorar ruwa da aka yanke gindinta ta zama mazurari. Akwai kuma maganaɗisun tsohuwar lasifika da ake manna wa gindin gwangwanin madara. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda noti mai lamba 8 ya taɓa suɓuce masa ya nutse cikin rairayin zaure ana dab da magariba ya san darajarsa.

Na kwancewa da gwaji

Ƙarfen ɓare taya daga sifirin ɗin mota ake yin sa. Maƙeri zai gasa guntunsa, ya daddale bakin, ya ɗan lanƙwasa. Aikin da ake yawan tsallakewa shi ne goge bakin da magagari har ya yi sumul. In an bar masa kaifi, shi zai tsaga tib ɗin da aka zo yi wa faci.

Don riƙe kuloci lokacin kwance babban notinsa, ana haɗa tsofaffin farantan kulocin a walda musu mariƙi. Boris ɗin taya kuma, maimakon a yi ta dukansa da guduma har ya shiga a karkace, ana zura dogon ƙarfe mai zare ta tsakiyarsa, a sa wasa masu faɗi, wato faifayen ƙarfe masu rami a tsakiya, gefe da gefe, a riƙa ɗaure noti a hankali har ya zauna.

Ƙwan fitila mai ƙarfin wuta bolt 12 da wayoyi biyu shi ne ma'aunin wutar talaka: in ya kama, wuta na zuwa, in bai kama ba, sai a bi waya a nemi inda ta katse. Wasu kan mayar da injin tsohon firji famfon iska. Yana hura tayar babur, sai dai a hankali, kuma yana buƙatar mai a cikinsa. Haɗa shi da tsohuwar tukunyar gas mai tsatsa a matsayin ma'ajiyar iska ganganci ne, don tana iya fashewa.

Inda dabara ke gazawa

Haɗin gida ya fi dacewa da abin da zai riƙe, ya ɗaga, ko ya tara. Abin da zai auna kuwa gara a saya. Misali shi ne saita tazarar bawul ɗin inji da reza, wanda ya zama ruwan dare. Kaurin reza wajen milimita 0.1 ne, alhali yawancin ƙananan injunan nan tazarar kusan milimita 0.05 suke so, wato rabin haka. Sakamakon shi ne ƙarar ƙas-ƙas daga kan inji da raguwar ƙarfi, ga shi ma'aunin na gaskiya yana cikin mafi arhar kayan kanti. Haka abin cire maganeto, wato faifan da ke juyawa a gefen inji yana samar da wuta: dukan maganeton da guduma yana iya lanƙwasa sandar inji ko ya fasa maganaɗisun ciki, a tashi daga gyaran awa guda zuwa sauke inji.

Wanke sassa da fetur a zaure, kusa da murhun cikin gida, yana jawo gobara. Kananzir da tsohon buroshin haƙori sun wadatar wajen wanke sarƙa. Baƙin man da aka tsiyaye ba a zubar da shi a kwata. Akan adana shi a jarka mai murfi, masu rufin ɗaki su karɓa su shafa wa katako saboda gara.