Waiwaye: Rigimar mitar wuta a Damagaram ta girmi mitar kati

Da zarar bazara ta kankama a Damagaram, fankoki suka koma kwana suna juyawa, sai maganar mita ta dawo sabuwa. A fada ana yin ta a kan shayi, masu buga waya gidajen rediyo suna yin ta, mata ma ba su bar ta a baya ba a gidan biki. Wani ya ce sabuwar kontar ɗin nan, wato mitar kati da ake biya kafin a sha wuta, gudu take yi kamar an koro ta, ya zuba jaka biyar ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo har ta fara kuka. Wani ya ce shi kam ya huta, tun da aka kafa masa ita bai sake ganin faktir, wato takardar kuɗin wuta, da ta hana shi barci ba. Na uku yana gefe yana tambaya ko gaskiya ne akwai irin wadda take kai rahoto ofis da kanta, har a yanke wa mutum wuta ba tare da kowa ya tako ƙofar gidansa ba.

Yawancin masu wannan gardama sun ɗauka ranar da aka liƙa akwatin a bango aka fara ta. Ni a ganina ta riga akwatin zuwa da shekaru masu yawa, kuma a tsakar gidan haya aka haife ta.

Tarihin wutar kanta kowa ya san shi, ba sai an ja ba. Damagaram ce hedikwatar Nijar a zamanin Turawa har zuwa 1926 da aka mai da ita Yamai. An kafa NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, a 1968. Shekara da shekaru injinan gazuwal ne ke ba garin wuta, kafin a jawo babban layi daga Katsina ta Gazawa a shekarun 1990, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. A 2011 aka buɗe matatar mai a arewacin gari. A watan Agustan 2023, cikin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta tsaya, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Duk wannan ya shafi samuwar wuta da rashinta. Tambayar da ke haɗa mutane faɗa daban take: wutar da ta shigo gida, wa ya sha, wa zai biya?

A nan ne za mu daɗe.

Jawo wuta gida da sunanka bai taɓa zama abu mai araha ga talaka ba. Saboda haka tun da can, a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, gida ɗaya ne zai samu mita, sai maƙwabta su roƙi arziki a ja musu waya ta kan katanga. A gidan haya kuwa mita ɗaya ce da sunan mai gida, ɗakuna biyar ko takwas suna sha a jikinta. In faktir ta zo sai a raba. Da me za a raba? Da ƙwan fitila. Mai ƙwai ɗaya ya biya kaso ɗaya, mai uku ya biya uku. A gidan da na taɓa zaman haya, fanka ana lissafa ta a matsayin ƙwai biyu, talabijin ma haka, rediyo kuwa sadaka ce. Dattijon da ke riƙe da gidan yana da wani tsohon littafi na 'yan makaranta, a ciki yake ja wa kowa layinsa, kuma ban taɓa ganin an yi masa musu ba.

Ba a yi musu ba domin lissafin yana kusa da gaskiya. A wancan lokaci ƙwan fitila shi ne babban mai cin wuta a ɗakin talaka. Ƙwai mai wat 60, in ya yi awa biyar a kunne kowane dare, a wata zai sha kilowat 9. Ɗaki da ɗaki ba su da wani bambanci in ba na yawan ƙwai ba. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: ƙwai ba ya ɓuya. Mai gida na tsaye a tsakar gida bayan isha'i zai ƙidaya hasken kowace taga. Mutanen da suka saba sayen gero da tiya, suna kallo ana tsoro ana shafewa, suka saba sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa saboda ƙishirwar da garin nan ya daɗe yana fama da ita, sun yarda da awon da ido ke gani. Lissafin ƙwai irin wannan awon ne.

Abin da ya rushe shi bai zo da sanarwa ba, shi ya sa ba a ambatonsa in ana tarihin wuta. A 2001 wayar salula ta shigo Nijar. Cikin shekarun da suka biyo baya kayan wuta masu araha suka cika Kasuwar Dole, wasu daga Kano, wasu daga Dubai da Sin, ga tsofaffin firigo na Turai da ke shigowa ta Kwatano. Matar aure da ba ta fita ta samu sana'a a cikin ɗakinta: ƙanƙara, zoɓo, ruwan leda mai sanyi, yara su kai talla, balle azumi ya faɗo cikin zafi. Saurayi ya jera wayoyin unguwa a kan tebur yana caji. Dutsen guga na gawayi ya ba na lantarki wuri. Da hunturu kuma aka samu ɗan ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti ya tafasa ruwan wanka. Daga baya sai ga ƙwan zamani, fari tas, mai wat 9, yana ba da hasken da mai wat 60 ke bayarwa.

Mu yi lissafin tare, don a nan komai ya juye. Sabon ƙwan, awa biyar kowane dare, a wata bai kai kilowat ɗaya da rabi ba. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa awa ɗaya tak ya ci kilowat ɗaya, wato guga ɗaya ta ranar Alhamis ta kusa kai fitilar wata guda. Ƙarfen dafa ruwa bai gaza haka ba. Firigon ƙanƙara da injinsa ke jan wat 150, in ya yi aikin awa goma sha biyu a yini, a wata ya haura kilowat 50, kuma tsohon da robar ƙofarsa ta saki, a zafin da ya wuce digiri 40, injinsa ba ya ma samun hutu. Firigo ɗaya ke nan ya shanye abin da wajen ƙwai arba'in za su sha. Amma a littafin dattijo an rubuta shi ƙwai huɗu, don da aka zo sa masa kaso ba wanda ya san nauyinsa, an dai yi ƙiyasi cikin mutunci.

Ga kuma inda al'ada ta shigo. Ƙwai ana ganinsa daga waje, ƙarfen dafa ruwa yana ƙarƙashin gado. Wane namiji ne zai ɗaga labulen ɗakin matar wani ya ce zai duba abin da ta jona? Ba shiga. Wa zai dubi Hajiyar da ke aiko masa da ƙanƙara kyauta lokacin buɗa-baki ya ce mata ita ce ke cinye wutar gida? Sai faktir ta riƙa hawa wata bayan wata, kowa ya dubi ɗakinsa ya ga ƙwai biyu da fanka, ya rantse da Allah bai ƙara komai ba, kuma da yawa gaskiya suke faɗa. Na sha jin irin wannan zama a zaure. Wani ya ce, "Baba, wallahi ni ko rediyo na daina kunnawa." Dattijo ya girgiza kai ya ce, "To Malam, ai kontar ɗin ce ba ta da lafiya." Kowa ya ce haka ne, a tashi lafiya.

Wannan amsa ta dattijo ita ce uwar rigimar yau. Mita ba ta da dangi a unguwa, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa jana'iza, in an zage ta ba wanda zai daina gaishe ka. Zargin da kunya ta hana a ɗora wa maƙwabci sai aka ɗora mata, aka yi ta yi har ya zama abin da yaro ke tasowa ya ji a bakin manya. Ban ce na'ura ba ta lalacewa ba, duk abin da hannu ya ƙera yana iya kuskure, kuma wanda ya ga abin da bai gane ba yana da haƙƙin a zo a gwada masa. Sai dai yawan mitocin da aka yanke wa hukuncin hauka a zaurukan Damagaram ya fi ƙarfin a ce duk lalacewa suka yi.

Akwai wani ƙarin nauyi da masu tarayya ke ɗauka ba su sani ba. Farashin wuta hawa-hawa ne: kilowat na farko-farko a wata suna da sauƙi, an yi haka ne don a tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi, in aka haura wani mataki kuɗin kowane kilowat ya ƙaru. Mita ba ta san ɗakuna shida ne a bayanta ba. Tana haɗa shan talakawa shida ta lissafa shi a matsayin gidan attajiri guda, sai su faɗa matakin tsada, alhali da kowa na da tasa da yawancinsu ba su fita matakin farko ba. Wannan ma da aka rasa mai bayyana shi a zaure, a kan mita ya ƙare.

A kan wannan tsohon miki mitar kati ta sauka. Asalinta ba na nan ba ne, Afirka ta Kudu ce ta yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1980, daga can tsarin lambobi 20 da ake dannawa ya bazu a nahiyar. Tsohuwar mita faifan ƙarfe ne ke juyawa a cikinta, in ta tsufa takan yi nauyin jiki, ƙaramin ja irin na caja da aka bari a soket ko talabijin da aka kashe da rimot wani lokaci ba ya ma motsa ta. Sabuwar ba ta da faifai, ba ta yafe ko kaɗan. Wanda ya shekara ashirin da mai nauyin jiki, ranar da aka kawo masa mai ido dole ya ce gudu take yi.

Ta kuma taɓa wani abu da ya fi lissafi zurfi, wato bashi. Zaman garin nan da bashi yake tafiya: mai shago ya rubuta, mai nama ya jira ƙarshen wata, mai haya ya ce a yi masa haƙuri. Faktir ma bashi ce, ka sha wata guda kafin a tambaye ka, bayan ta zo kana da 'yan kwanakin da za ka yi fafutuka. Mitar kati ba ta san haƙuri ba, in kuɗi ya ƙare da ƙarfe biyun dare a lokacin za ta ɗauke, ko da jariri a ɗaki. Abin lura shi ne mutanen nan ba baƙin biya-kafin-sha ba ne. Sama da shekara ashirin suna sa kati a waya, ban taɓa jin an yi zaman zaure a kansa ba. Waya aljihu ɗaya take ci. Mitar gidan haya aljihu shida take ci, kuma yanzu maimakon faɗa sau ɗaya a wata, duk ranar da ta yi kuka sai an nemi wanda zai fita sayo lamba.

Shi ya sa in ka saurari masu gardamar da kyau za ka iya faɗin irin gidan da kowa ya fito. Mai yabonta galibi shi kaɗai ne a kan tasa: ɗan kabu-kabun da ke samun kuɗi kullum-kullum, ya fi son ya zuba dala ɗari yau, dala ɗari jibi, da a tara masa jaka goma ta faɗo masa lokaci ɗaya. Masu gidajen haya ma suna sonta, don ɗan haya ba zai tashi ya bar musu bashin wata huɗu da sunansu ba. Mai tsine mata kuwa, ka bincika, akwai wayoyi uku ko huɗu da suka fita daga jikinta.

Ita kuma mai kai rahoto da kanta da mutumin gefe ke tambaya, akwai ta a duniya. Tana aika abin da aka sha ta hanyar sadarwa, ana iya karanta ta ko a rufe ta daga nesa. Faransa ta fara kafa irinta a 2015, ta sa wajen miliyan 35, kuma can ma an yi ta ƙorafi. Tsoronsu shi ne kada a san lokacin da suke tashi da lokacin da suke barin gida. A nan ban cika jin wannan ba. Wanda ke zaune a gidan da kowa ya san abin da aka dafa a kowane ɗaki, ba ofis yake ɓoye wa sirri ba.

Kwanakin baya na leƙa tsohon gidan namu. Dattijon ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da gida. Mita ɗaya ce har yanzu a zaure, ta kati, amma a ƙofar ɗakuna huɗu an kafa 'yan ƙananan mitocin da ake saye a kasuwa, kowa da tasa, ana karantawa a raba kuɗin lamba. Ɗakuna biyu ba su sa ba, sun ce ba su da kuɗinta tukuna, saboda haka abin da ya rage bayan an cire na huɗun su ke biya. Ɗaya daga cikin biyun na mai ƙanƙara ne. Ɗayan na wani malamin makaranta ne mai ƙwai biyu da fanka, kuma da na zauna shi ne ya fara ce mini wannan kontar ɗin ba ta da lafiya.