Ma'anar Baƙar Ɗamara da Matakan Kiyu da Dan a Wasannin Kare Kai

Idan aka ce wane yana da baƙar ɗamara, ko baƙin bel kamar yadda ake faɗa a baki, abin da yake fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne wani gwarzo da ya ƙure ilimin faɗa, wanda ƙarti biyar ba za su iya kai shi ƙasa ba. Finafinai ne suka dasa wannan hoto a zukatan mutane. Su kuwa waɗanda suka shafe shekaru suna zubar da gumi a filin horo, wani abu dabam suke nufi da kalmar, kuma sai an koma Japan, inda tsarin ya samo asali, kafin a gane abin da suke nufi.

A shekarar 1882 ne Jigoro Kano ya buɗe makarantar Kodokan a birnin Tokiyo, inda ya fara koyar da judo. Kafin zamaninsa, tsofaffin makarantun yaƙi na Japan takardar shaida suke bai wa almajiri idan ya kai wani matsayi, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa tsakanin wannan takarda da waccan, ba tare da wata alama a jikinsa da za ta nuna inda ya kai ba. Kano malamin makaranta ne, ya san cewa ɗalibi yana ƙara himma idan yana ganin tsanin da yake hawa, don haka sai ya aro tsarin matakai daga wasan go, wani wasan allo da duwatsu farare da baƙaƙe wanda aka daɗe ana jera gwanayensa daraja-daraja. A 1883 ya bai wa ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin dan na farko. Ɗaura baƙar ɗamara don bambanta masu wannan matsayi da sauran ɗalibai ya biyo baya ne bayan 'yan shekaru. Kareti ya karɓi tsarin ta hannun Gichin Funakoshi, mutumin tsibirin Okinawa da ya koma Tokiyo a 1922, ya kuma ba da matakan dan na farko a 1924.

Tsarin hawa biyu ne, kiyu da dan. Kiyu shi ne ajin masu koyo, kuma ƙidayarsa baya-baya take tafiya: sabon shiga yakan fara daga kiyu na goma ko na shida, gwargwadon wasan da ƙungiyar, yana saukowa har ya iso kiyu na ɗaya, wanda shi ne bakin ƙofa. Daga nan sai dan (ba shi da ƙugiya, kuma ba shi da wata dangantaka da ɗan da muka sani a Hausa), wanda ƙidayarsa take hawa sama daga ɗaya zuwa tara ko goma. Matakin farko na dan sunansa shodan, kuma a nan ne asirin kalmar yake, domin sho a harshen Japan farko take nufi. Wanda ya sami baƙar ɗamara, a ma'anar asali, mutum ne da ya iya tsayuwa, ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, ya riƙe ginshiƙan wasan har malami zai iya fara koya masa abin da yake ciki. Hausa ta riga ta tanadi maganar da ta dace da wannan, tunda idan muka ce mutum ya ɗaura ɗamara, muna nufin ya shirya wa aikin da yake gabansa ne, ba mu taɓa nufin ya gama ba.

Launukan da ake gani a yau, rawaya da ruwan lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, sun zo daga baya. Galibi ana danganta yaɗuwarsu a Turai da Mikinosuke Kawaishi, wanda ya fara koyar da judo a birnin Paris a tsakiyar shekarun 1930, ya kuma ga cewa ɗalibansa sun fi dagewa idan suna samun alamar ci gaba a kai a kai. Akwai wani labari da ake yawan ba sababbin shiga, wai a da can farar ɗamara ɗaya ake bai wa mutum, ba ya wanke ta, sai datti da gumi su rine ta a hankali har ta zama baƙa. Labarin yana da daɗin ji, amma ƙage ne, kuma ya saɓa wa tsabtar da makarantun Japan suka ɗauka da muhimmanci tun farko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar baƙar ɗamara tamkar ma'auni guda wanda ko'ina nauyinsa ɗaya. A kareti da takwando, mai zuwa horo ba fashi yakan kai gare ta cikin shekara uku zuwa biyar. A jujitsu na Brazil, inda launukan manya biyar ne daga fari zuwa baƙi, wato fari da shuɗi da shunayya da ruwan ƙasa da baƙi, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi shekara goma kafin ya ɗaura ta. A takwando, hedikwatar Kukkiwon da aka kafa a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1972 ba ta bai wa yaron da bai kai shekara 15 ba matakin dan. Abin da take ba shi sunansa pum, ɗamararsa kuma rabi ja ce rabi baƙa. A judo ma baƙi ba shi ne ƙarshen launi ba, domin mai dan na shida zuwa na takwas yana da izinin ɗaura mai ratsin ja da fari, mai na tara da na goma kuma ja zalla. Saboda haka duk wanda ya ce yana da baƙar ɗamara bai gama magana ba sai ya faɗi wasan, da matakin, da kuma ƙungiyar da ta ba shi.

Jarrabawar hawa mataki a kareti ta kasu uku. Akwai kihon, wato ginshiƙai: naushi da shuri da tarewa da tsayuwa, ana yin su a jere ana kai da komowa a filin. Akwai kata, wato jerin motsi da aka tsara tun da daɗewa wanda mutum yake yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan gaba da ba a gani. Sai kumite, wato karawa da abokin horo. A judo kuma, mai neman shodan yakan nuna wani ɓangare na nage-no-kata, jerin kaye goma sha biyar da aka kasa gida biyar, a wurare da dama kuma ana duba nasarorin da ya samu a gasa.

A wajen kata ne aka fi gane wanda ya shirya. Alƙalai suna zaune a bayan tebur da takardu a gabansu, ɗalibai sun durƙusa a jere a gefe, zauren ya yi tsit. Aka kira sunan wani yaro, ya fito ya rusuna, ya ambaci sunan katarsa da ƙarfi, Heian Shodan, wadda motsi 21 ce kawai kuma ya yi ta sau ɗaruruwa. Ya tare ta hagu, ya kai naushi, ya juya dama, komai daidai, sai da ya zo juyin da yake biye da ihun farko da ake yi a cikin katar, ƙafarsa ta tsaya cak, idanunsa suka fara yawo suna neman malaminsa. Abin da ya faru a daƙiƙa biyu masu zuwa shi ne alƙalai suka fi rubutawa. Wani yaron yakan ja numfashi, ya tuna, ya ci gaba da ƙarfinsa har ya dawo kusa da inda ya fara, kamar yadda tsarin katar ya buƙata. Wani kuma yakan saki hannuwa, ya yi dariyar kunya, ya dafe kai. Kuskurensu ɗaya ne, amma na farkon ya nuna cewa tsoro bai ƙwace masa jikinsa ba, wanda kuma shi ne babban abin da ake horar da mutum a kai tun ranar da ya shiga.

Daga wannan ne shawarar da ta fi amfani ga mai shirin jarrabawa take fitowa. Ya riƙa yin katarsa bayan ya gaji liƙis, a ƙarshen horo, lokacin da cinyoyinsa suke rawa, domin a irin wannan hali jarrabawar za ta same shi. Ya riƙa sauya inda yake fuskanta, tunda da yawa sun haddace kata ne da taimakon taga da ƙofar ɗakin da suka saba, da zarar an kai su wani zaure sai gabas da yamma su rikice musu. Makon ƙarshe kuma ba lokacin koyon sabon abu ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Barci da hutun gaɓoɓi sun fi masa amfani fiye da ƙarin horon da zai iya jawo masa targaɗe. Ya yanke farce, ya wanke kayansa, ya cire zobe da agogo. A makarantu da yawa ba a son ɗalibi ya tambayi malami yaushe za a ba shi ɗamara ta gaba, amma babu laifi ya tambaya me ya rage masa ya gyara, kuma wannan tambaya ta fi kawo amsar da za a yi aiki da ita.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda bai kamata a rufe shi ba. Biyan kuɗin jarrabawa da na takardar shaida abu ne da aka saba a ko'ina. Inda matsalar take shi ne makarantar da ta mayar da ɗamara haja, ta ƙirƙiro launuka da ratsi barkatai domin a yi ta biya kowane wata biyu, babu wanda yake faɗuwa, har ma ana yi wa iyaye alƙawarin cewa ɗansu zai sami baƙa a rana kaza. A ganina, jarrabawar da ba a taɓa faɗuwa ba biki ce kawai. Kafin mutum ya ba da kuɗinsa da shekarunsa, ya dace ya tambayi malamin wa ya ba shi nasa matakin, wace ƙungiya ce take sa hannu a takardun, sa'an nan ya zauna ya kalli yadda masu ɗamara ruwan ƙasa suke motsi, domin su ne ainihin shaidar aikin malamin. Wanda kuma ya sauya wasa, a ce daga takwando zuwa judo, farar ɗamara zai ɗaura ya koma ƙarshen layi, komai matakinsa a can.

Bayan shodan, tazarar da take tsakanin matakai sai ƙara faɗi take yi, kuma kendo, wasan takobin gora na Japan, shi ya fi nuna haka ƙarara. A ƙa'idar hukumar kendo ta Japan, mai dan na ɗaya zai jira shekara guda kafin ya nemi na biyu, sai shekara biyu kafin na uku, uku kafin na huɗu, haka har zuwa na bakwai. Na takwas kuwa sai bayan shekara goma da samun na bakwai, kuma sai mutum ya kai shekara 46 da haihuwa. Idan aka haɗa, a ƙa'idar gama-gari shekara 31 ke nan mafi ƙaranci daga shodan, ga wanda bai taɓa faɗuwa ko sau ɗaya ba. Duk da haka, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne yake cin wannan jarrabawa, wadda karawar 'yan mintuna ce a gaban alƙalai, kuma akwai dattawa masu furfura da suke komawa zaurenta shekara bayan shekara. A kendo ba a ɗaura ɗamara mai launi ko kaɗan, don haka mai dan na takwas da wanda ya sami shodan jiya kaya iri ɗaya suke sawa, sai sun ɗaga takobi ake sanin wane ne wane.