Hayar Mahaifa da Ma'auratan Jinsi Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Wasu ɗalibai masu koyon aikin ungozoma a Gusau ne suka yi mini waɗannan tambayoyi, bayan sun ga labarin maza biyu a Turai suna rungume da jaririn da suke kira ɗansu.

Mece ce hayar mahaifa?

Ita ce mace ta ɗauki ciki a madadin wasu, bisa yarjejeniyar cewa za ta miƙa musu jaririn idan ta sauka. Wani lokaci ƙwan nata ne, amma a yau an fi haɗa ƙwan wata mace da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifarta. Da wannan dabarar haɗin aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya.

Ta yaya maza biyu suke samun ɗa ta wannan hanya?

Galibi sai da mata biyu, mai ba da ƙwai da mai ɗaukar ciki. Maniyyin na ɗayan mazan ne, saboda haka shi kaɗai yake da alaƙar jini da yaron.

Ko'ina aka yarda da hakan?

A'a. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yarda har da biyan kuɗi. Ingila ta hana cinikin tun 1985, kuma a can matar da ta haihu ita ce uwa a idon doka har sai kotu ta mayar da iyayentakar ga waɗanda suka nema, damar da ma'auratan jinsi ɗaya suka samu a 2010. Tailan ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, Italiya kuwa a 2024 ta mayar da fita waje don yin haka laifi.

A nan gida fa?

Najeriya ba ta da dokar tarayya ta musamman kan hayar mahaifa, amma dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ga kuma shari'ar Musulunci da Zamfara ta ƙaddamar a 1999.

Me malamai suka ce ko da tsakanin miji da mata ne?

Nan ne ɗaliban suka fi nutsuwa. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta halatta kishiya ta ɗauki cikin kishiyarta, sai ta janye a 1985, domin mai ɗaukar tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, nasaba ta cakuɗe. Ana kuma kafa hujja da aya ta 2 a Suratul Mujadala, wadda ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su.

Wa ya fi ɗaukar haɗari?

Mai cikin, kuma ita ce na fi damuwa da ita, domin ita take fuskantar hawan jini, jijjiga, zubar jini da tiyata. A garin Anand na Indiya mata matalauta ne suka yi shekaru suna haihuwa domin masu kuɗi, har ƙasar ta haramta cinikin a 2021.