Hanyar Gaɓar Tekun Kamaru, daga Idenawu zuwa Kampo

Gaɓar tekun Kamaru ta kai tsawon kilomita 400, daga iyakar Najeriya zuwa bakin kogin Ntem inda ƙasar Gini Ikwatoriya ta fara. Babu titi guda da ya bi wannan gaɓa daga farko har ƙarshe, domin bakin kogin Wuri da na Sanaga, da dazukan taɓo na ruwan gishiri, sun datse ta a tsakiya. Abin da mai mota zai samu shi ne hanyoyi biyu da suka rabu daga Duwala kamar ƙahonnin sa. Ɗaya ta yi yamma, ta bi Tiko da Limbe ta ƙare a Idenawu, wajen kilomita 115. Ɗayar ta shiga cikin ƙasa zuwa Edeya, sannan ta gangaro Kiribi ta zarce Kampo, wajen kilomita 250. Nisan ba wani abu ba ne ga wanda ya saba da hanyar Garwa zuwa Marwa, amma a nan ruwan sama da yanayin teku ne ke yanke wa matafiyi lokaci.

Saukowa daga arewa

Mutanen Marwa da Garwa kan bi babban titin ƙasa zuwa Ngaundare. Daga can akwai jirgin ƙasa na Camrail mai tashi da yamma ya kwana a hanya, ya shiga Yawunde washegari bayan ya ci kilomita 622. Layin ya iso Ngaundare ne a 1974. Akwai taragun kwana masu gado biyu ko huɗu, kuma jirgin yakan yi latti, don haka ba a ɗaura wani alƙawari a safiyar isowa. Mai motar kansa zai bi ta Meiganga, Garwa-Bulai, Bertuwa da Ayos, tafiyar fiye da kilomita 800 wadda ta fi kyau a raba ta kwana biyu. Masu tasowa daga Njamena da yawa sun fi son hanyar Mundu da Tuboro zuwa Ngaundare, saboda lalacewar titin Kusiri zuwa Mora da matsalar tsaron da ke wannan yanki.

Kuɗin Cadi da na Kamaru ɗaya ne, sefar Afirka ta Tsakiya, ba a bukatar canji. Takardun da jandarmomi ke tambaya su ne katin ɗan ƙasa ko fasfo, lasisin tuƙi, takardar mallakar mota, inshora da takardar binciken lafiyar mota. Baƙo daga Cadi ya haɗa da katin rigakafin shawara. Ana biyan sefa 500 a kowane shingen kuɗin hanya, sai a tanadi canji.

Titin Yawunde zuwa Duwala, wajen kilomita 240, yana cikin mafi haɗari a ƙasar. Tireloli da motocin gungumen katako sun cika shi, ga kwanoni da tudu da gangare, kuma yawancin munanan haɗurra daga wuce mota a inda ba a hango gaba suke faruwa. Ba a bin sa da dare. Wanda ya nufi Kiribi ba sai ya shiga Duwala ba, a Edeya zai karkata kudu.

Lokacin tafiya

Disamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi dacewa da ɓangarorin biyu. Duwala na samun ruwan sama kusan milimita 4,000 a shekara, alhali Garwa wajen 1,000 take samu, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba yake sauka. Kiribi damina biyu gare ta, ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan sassauci a Yuli da Agusta. Zafin bakin teku bai kai na Kusiri a watan Afrilu ba, sai dai iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, wanki ma yakan kwana biyu a igiya. A hutun ƙarshen shekara masaukan Kiribi da Limbe kan cika, kuɗinsu ya hau.

Duwala

A nan sarakunan Duwala suka sa hannu kan yarjejeniya da Jamusawa ranar 12 ga Yuli 1884. A unguwar Bonanjo akwai gidan sarautar Bell na 1905 wanda ake kira Pagod, kuma a wannan gari Jamusawa suka rataye sarki Rudolf Duwala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914 saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa. Unguwar Niyu Bel ita ce matattarar Hausawa da sauran 'yan arewa, da babban masallaci da masauki da abincin gida. Cunkoson gadar Wuri zuwa Bonaberi da safe da yamma na iya cinye awa guda ko fiye. Mai zuwa Limbe ya fita bayan sallar asuba.

Ɓangaren yamma

Bayan Bonaberi da mahaɗar Bekoko sai gadar kogin Mungo, wadda a da ita ce iyaka tsakanin yankin mulkin Faransa da na Ingila kafin haɗewar 1 ga Oktoba 1961. Daga nan harshen titi ya koma Ingilishi da Pijin. Tiko gari ne na gandun ayaba da roba da kwakwar manja na kamfanin CDC, wanda aka kafa a 1947 a kan gonakin da Jamusawa suka bari. A Mutengene hanya ta rabu: dama ta hau Buya, wadda ta zama hedikwatar mulkin Jamus a 1901, hagu ta gangara Limbe.

Dole a faɗi batun tsaro a fili. Tun 2016 yankin Kudu maso Yamma ke cikin rikicin 'yan aware, kuma ranar Litinin a wurare da dama ba a buɗe kasuwa, motoci ba sa fita. Limbe ta fi sauran garuruwan yankin kwanciyar hankali, duk da haka ba a shiga hanyar ranar Litinin ko bayan magariba, kuma ana tambayar direbobin tasha halin da ake ciki a ranar tafiya.

Limbe ɗan mishan Alfred Saker ne ya kafa ta a 1858 da sunan Biktoriya. Ingila ta miƙa ta ga Jamus a 1887, aka sauya mata suna a 1982. Yashin bakin tekunta baƙi ne, domin garin na gindin dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Lambun itatuwan da Jamusawa suka dasa a 1892 don gwajin koko da roba da sauran amfanin gona yana nan, kusa da shi kuma akwai cibiyar kula da namun daji ta 1993 inda ake riƙon gwaggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta. Da yamma masu gasa kifi kan jeru a bakin ruwan da ake kira Dawun Bic.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi yini guda shi ne Bimbiya, kilomita goma sha wani abu kudu maso gabas da Limbe. Tsohuwar tashar cinikin bayi ce ta mutanen Isubu, inda ake tara waɗanda aka kamo daga cikin ƙasa kafin a loda su a jiragen Turawa. Ana gangarawa da ƙafa ta cikin kurmin gora har bakin ruwa. Ginshiƙan dutse na ɗakunan da ake tsare mutane suna tsaye, saiwoyin itatuwa sun naɗe wasu, ga guntayen sarƙa da tsatsa ta ci, ga kuma dogon kwami na dutse da masu rakiya ke nunawa a matsayin inda ake zuba wa bayi abinci. A nan ne kuma Joseph Merrick, ɗan mishan daga Jamaika, ya zauna a 1844. Hanyar Bimbiya duwatsu ce da gangare mai santsi. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasan ciki takan bugi dutse ta fasa tukunyar man inji, don haka a nemi mota mai tsayi ko a hau babur, kuma a ɗauki ɗan rakiya daga ƙauyen.

Daga Limbe zuwa Idenawu wajen kilomita 45 ne, teku a hagu, dutse a dama. Ana wuce matatar mai ta SONARA, wadda gobara ta ci wani sashenta a ƙarshen Mayun 2019. Ba a ɗaukar hoto a nan, haka ma a tashoshin jiragen ruwa da gadoji da barikin soja. A Bakingili narkakken dutsen da ya kwararo a aman wutar 1999 ya haye titi ya daskare, har sai da aka karkatar da hanyar ta zagaye shi, ana kuma iya hawa kansa da takalmi mai kauri. Gaba kaɗan sai Debunsha, inda ruwan sama ke kai wa milimita 10,000 a shekara, ɗaya daga wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Idenawu tashar masunta ce da kwalekwalen fatake masu zuwa Najeriya, kuma a nan kwalta mai kyau ta ƙare.

Ɓangaren kudu

Edeya, wajen kilomita 65 daga Duwala, tana kan kogin Sanaga. Gadar ƙarfe ta Jamusawa ta 1911 na nan gefen sabuwa, ga madatsar lantarki da masana'antar alminiyam ta Alucam da ta fara aiki a 1957. Mai sauran lokaci zai iya ratsewa zuwa tafkin Osa a Dizange, inda ake samun ayu, dabbar ruwan da mutanen Binuwai suka sani.

Daga Edeya zuwa Kiribi kwalta ce ta wajen kilomita 110. Kafin a shiga gari akwai Lonji, ƙauyen masunta mai faffaɗan yashi fari da ruwa marar hayaniya. Kiribi kanta tana bakin kogin Kiyenke, ƙasar ƙabilun Batanga da Mabi. Cocin Katolika da aka kafa a 1891 da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1906 su ne manyan abubuwan da suka rage daga zamanin Jamus. A yaƙin duniya na farko an kwashe Batanga daga garinsu zuwa yankin dutsen Kamaru, suka dawo a 1916, kuma har yau suna bikin tunawa da dawowar ranar 14 ga Fabrairu da 9 ga Mayu. Ga mutumin Cadi garin na da wata ma'ana: bututun man da ya taso daga yankin Doba, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, a nan ya shiga teku, inda ake loda man a jiragen dakon mai.

Kilomita 7 kudu da gari kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu, tsayin wajen mita 20, kai tsaye cikin teku, abin da ba a cika gani ba a duniya. Masu kwalekwale na kai mutum gindin ruwan; a yi ciniki kafin a shiga, a kuma nemi rigar iyo ga kowa. Mata a wurin na soya jatan landen da aka kama da gora a kogin. Daga nan sai ƙauyen Babban Batanga, sai tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Mboro, wajen kilomita 35 daga Kiribi, wadda ta fara aiki a Maris 2018. Bayan yankin tashar hanya galibi jar ƙasa ce da ƙananan gadoji. Eboje, wajen kilomita 50, an san ta da kunkurun teku masu fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, musamman daga Oktoba zuwa Maris. Ba a haska musu tocila, domin haske na mayar da su ruwa ba su yi ƙwan ba. Kampo ce ƙarshe, a bakin Ntem, kusa da gandun dajin Kampo-Ma'an na shekarar 2000. A cika tanki a Kiribi, kada a dogara da samun gidan mai a gaba.

Abubuwan da ke ɓata tafiya

Teku ya fi komai cin mutanen arewa. Wanda ya iya iyo a Binuwai ko Logon ko Shari yakan ɗauka duk ruwa ɗaya ne. A teku akwai wata kwararar ruwa mai komawa ciki ta wani ɗan siririn wuri, sau da yawa inda ruwan ya yi kamar ya kwanta tsakanin raƙuman ruwa masu fashewa. Wanda ta ja, in ya yi ta kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da shi. Abin yi shi ne ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Yawancin wuraren babu masu ceto, shi ya sa ake tambayar masunta inda ake shiga, yara kuma ba sa wuce gwiwa.

Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, wajen awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin na jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Motar da aka ajiye a kan jiƙaƙƙen yashi da hantsi tana iya zama cikin ruwa da la'asar. In taya ta nutse, ƙara wuta haƙa rami kawai yake yi. Sai a rage iskar tayoyin zuwa wajen rabi, a share yashin gabansu da shebur, a shimfiɗa katako ko ganyen kwakwa, a fita a hankali da giya ta biyu. Iskar gishiri na sa tsatsa, don haka a wanke ƙarƙashin mota da ruwan daɗi kafin a kama hanyar gida. Motocin arewa da yawa robar share gilashinsu rana ta ƙona ta, tayoyin kuma sun suɗe. A canza su tun a Ngaundare, domin suɗaɗɗiyar taya kan ruwa take shawagi, birki ba ya kamawa.

Zazzaɓin cizon sauro babu rani babu damina a wannan yanki, ga kuma wasu ƙananan ƙudaje masu cizo a bakin yashi da safe da yamma. Gidan sauro da dogon hannu sun wajaba.

Kifin teku da jatan lande halal ne, ruwan teku kuma ana alwala da shi. Abin lura shi ne wayar gashi, domin wasu masu sayarwa kan gasa naman alade ko na daji a kanta. A duba, ko a nemi masu tsire, waɗanda akasarinsu 'yan arewa ne. Ana cin kifin da soyayyar ayaba ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye aka dafa. Alƙibla daga wannan gaɓa gabas ce mai karkata arewa: a Kiribi mai sallah zai ba teku baya ya ɗan karkata hagu. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai wajen kilomita 80, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya sai ya cika sallarsa.