Amintattun ƙungiyoyin koyar da kiɗa da waƙa

Amintattun ƙungiyar koyar da kiɗa da waƙa su ne mutanen da doka ta ɗora wa alhakin riƙe dukiya da suna da manufar ƙungiyar da aka kafa don koya wa yara da matasa kiɗa, busa ko rera waƙa ba don neman riba ba. Ba lallai ne su shiga aji su koyar ba, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe makaɗi a bainar jama'a ba. Sunayensu ne dai ke kan takardar rajista, da sunan rajistarsu ake mallakar fili da kayan kiɗa, su ne kuma ake nema idan kuɗi suka yi ɓatan dabo. Wanda ya bi tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi zai tarar cewa akanta da lauya da tsohon ma'aikacin gwamnati sun fi makaɗi yawa a kujerun amintattu. A jihohin Bauchi da Gombe lamarin yana da ƙarin fuska, saboda matsayin da al'ada ta ba makaɗi da kuma wuraren da aka saba koyon sana'ar.

Matsayinsu a dokar Najeriya

Ƙungiyar da ke son doka ta san da zamanta tana yin rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Dokar da ke tafiyar da wannan ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye. Kafin a ba da takardar shaida, sai an buga sanarwa a jaridu, ana kuma jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Masu karanta jarida sun san irin wannan sanarwa: ɗan akwati ne a shafukan baya, da sunan ƙungiya a sama, jerin sunayen amintattu a tsakiya, sai manufofi layi biyu ko uku da ƙananan baƙaƙe, sannan sa hannun lauya ko sakatare a ƙasa.

Doka ta hana wasu mutane hawa wannan kujera: wanda shekarunsa ba su kai ba, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda aka ayyana ya karye da bashi bai kuma warware ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Ba ta nemi digiri ba, ba ta kuma nemi mutum ya san kiɗa ba. Ta dai tanadi cewa kuɗi da kadarorin ƙungiya a kan manufarta kaɗai za a kashe su, ba a raba su ga mambobi a matsayin riba, kuma masu gudanarwa ba sa naɗa kansu a muƙamin albashi, sai dai a mayar musu da abin da suka kashe daga aljihunsu. Sashe na 839, wanda ya ba hukumar damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana, ya jawo ce-ce-ku-ce a 2020, musamman daga Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya. Batun ya shafi koyar da waƙa kai tsaye, domin ajujuwan kiɗa da dama suna ƙarƙashin rajistar majami'u ne.

Misalin Legas da na ƙetare

Ƙungiyar da ta fi suna a wannan fage a Najeriya ita ce MUSON, wato Ƙungiyar Kiɗa ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1983, take kuma da cibiya a unguwar Onikan. Sana'o'in waɗanda suka kafa ta sun isa su nuna yadda abin yake. Akintola Williams akanta ne, ɗan Najeriya na farko da ya samu cikakkiyar shaidar wannan sana'a a Ingila, ya buɗe kamfaninsa a 1952, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Louis Mbanefo babban lauya ne da ya ƙware a shari'o'in jiragen ruwa. Ayo Rosiji lauya ne kuma ɗan siyasa da ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Rasheed Gbadamosi ɗan kasuwa ne, masanin tattalin arziki, marubucin wasan kwaikwayo. Francesca Emanuel ita ce mace ta farko da ta zama babbar sakatariya a gwamnatin tarayya, ga ta kuma da muryar waƙa. Jakadan Birtaniya na lokacin, Sir Mervyn Brown, ya taka rawa wajen haɗa su. Dukkansu masoya kiɗa ne, amma babu wanda kiɗa ne ke ciyar da gidansa.

Abin da suka kawo shi ne sanin manya da sanin takarda. Zaurukan cibiyar biyu suna ɗauke da sunayen kamfanonin mai, Shell da Agip, kuma tun 2006 gidauniyar kamfanin MTN ke ɗaukar nauyin ɗaliban difloma na makarantar kiɗa ta ƙungiyar. Irin wannan tallafi ba kasafai yake zuwa wa ƙungiyar da ba ta da mai iya tsara lissafin shekara ba.

A ƙasar Benezuwela, José Antonio Abreu, wanda ya kafa shirin El Sistema a 1975 don koya wa yaran talakawa kiɗa, ya haɗa sanin kiɗa da sanin takarda ne a jikinsa: makaɗi ne, masanin tattalin arziki ne, ya yi ɗan majalisa, daga baya ya yi ministan al'adu. A Ingila kuwa, inda hukuma ta musamman ke sa ido a kan ƙungiyoyin agaji, yawancin amintattu ba a biyansu, kuma an daɗe ana sukar cewa maza masu shekaru da rufin asiri ne suka cika kujerun. Wannan ya sa wasu ƙungiyoyin kiɗa na can suka fara ware gurbi ga matasan da suka taɓa cin moriyar shirinsu.

Bauchi da Gombe

Jihar Bauchi ta samu a 1976, aka cire Gombe daga cikinta a 1996. A jihohin biyu, koyon kiɗa ya girmi takardar rajista nesa ba kusa ba, kuma hanyoyinsa uku ne sanannu.

Ta farko gado ce. A fadojin tsofaffin masarautu irin su Bauchi, Katagum, Misau da Gombe, akwai gidajen da suka gāji tambari da kakaki da algaita, da sarautu irin su Sarkin Makaɗa da Sarkin Busa. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya da bin 'yan amshi. Idan gidan kalangu ne, ƙaramar ganga ake rataya masa ya riƙa riƙe kari ɗaya ba canji, sai hannunsa ya faɗa sannan a bar shi ya matse tsarkiya a hammata ya sa ganga ta yi magana. Mai koyon algaita kuwa sai ya iya tara iska a kumatu yana fitar da ita yayin da yake shaƙar wata ta hanci, don kada sauti ya yanke. Babu jarrabawa, babu kuɗin makaranta. Uba ko ƙanin uba ne malami, shi ne kuma mai riƙon amanar kaya da take da kirarin gidan.

Ta biyu majami'a ce. A Kaltungo da Ɓilliri da sauran ƙasar Tangale da Waja, haka a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, majami'un ECWA da COCIN da Katolika sun daɗe suna koyar da rera waƙa da muryoyi huɗu, da fiyano da jita. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suna da salon waƙarsu da tulu da kacau-kacau da ganga, ƙungiyoyin samari masu fareti kuma suna koyar da badujala. Nan ne aka fi samun wanda ya iya karanta rubutun waƙa.

Ta uku ita ce makarantun Islamiyya da zawiyoyin ɗariƙa, inda yara ke koyon rera ƙasidu da bege, wani wurin da mandiri, wani wurin murya zalla. Masu wannan aiki ba za su kira shi koyar da kiɗa ba, amma horar da murya da kiyaye kari da amsa-amo duk suna ciki. A bayan nan situdiyo ta shigo, inda matashi ke koyon haɗa sauti da kwamfuta a wurin ubangidansa kamar yadda ake koyon ɗinki.

Ƙungiyar agaji da ta tsaya a kan koyar da kiɗa kaɗai ba ta yawaita a yankin ba. Abin da aka fi gani shi ne ƙungiyar raya al'adu, ko ta ci gaban matasa, ko reshen majami'a, da ta sa kiɗa cikin ayyukanta. Don haka amintattunta sukan fito daga inda amintattun ƙungiyoyin gari suka saba fitowa.

Sana'o'in da aka fi nema

Tsohon malamin makaranta, hedimasta ko sufeton ilimi da ya yi ritaya, shi ne ginshiƙi a mafi yawan lokuta. Ya san manhaja, ya san cewa a tsarin ilimin shekara tara na farko an cusa kiɗa ne cikin darasin al'adu da fasaha tare da zane da wasan kwaikwayo, ya kuma san cewa malamin da ya karanci kiɗa yana da wuyar samu a makarantun gwamnati. Shi ne zai iya roƙon aron aji da yamma ba tare da an yi masa dogon turanci ba.

Ma'aikacin gidan rediyo ma yana da daraja ta daban. Waɗanda suka yi aiki a gidan rediyon jihar Bauchi ko na Gombe a zamanin faifai da kaset sun san makaɗan karkara ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda ya mutu da wanda ya bar magaji, wani lokaci ma sun san inda tsohon ɗauka yake kwance. Akwai kuma tsofaffin shugabannin badujala na soja da 'yan sanda, waɗanda suka iya karatun rubutun waƙa da gyaran kayan busa. Lauya da akanta su ne masu tsare ƙungiya daga faɗawa hannun hukuma: cike rahoton da ake kai wa CAC, yin rajista da sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC wanda bankuna ke neman shaidarsa, da tabbatar da cewa mutum ɗaya ba ya fitar da kuɗi shi kaɗai. Idan ana naɗar waƙoƙin ɗalibai ana sayarwa ko ana sa su a intanet, sanin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 yana shigowa cikin aikin lauyan.

Sai kujerar da ba a rubuta dalilinta a tsarin mulkin ƙungiya, amma kowa ya sani: ta mai sarauta, limami, fasto ko dattijuwar da gari ke jin maganarta. A al'adar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, kuma gidaje da yawa ba sa son ɗansu ya zama makaɗi, balle 'yarsu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, jihar Bauchi kuma tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2001. Uban da zai bar 'yarsa ta je ajin waƙa bayan la'asar ba takardar CAC yake tambaya ba, tambayarsa ita ce wa ke bayan abin. Idan aka ce masa ai Hajiya wance ko Baba wane na ciki, rabin magana ta ƙare. A garuruwan da Musulmi da Kirista ke zaune tare, haɗa ɓangarorin biyu a cikin amintattu yana hana a yi wa ƙungiya kallon ta wani addini.

Inda ake samun tangarɗa

Babban giɓi shi ne na makaɗan gado. Sharuɗɗan rajista da taro da rubuta rahoto da Turanci sun fi dacewa da ɗan boko, sai ya zama wanda ya fi kowa sanin kotso ko goge ana gayyatarsa ne ranar biki ya yi wasa a sallame shi, ba ya cikin masu yanke shawarar abin da za a koyar. Sakamakon haka a fili yake: idan kuɗi suka samu, fiyano da lasifika ake fara saye, domin su ne ke da rasit a kanti, alhali mai sassaƙa kalangu da mai ɗaure masa fata suna bayan kasuwa. Doka ba ta hana a naɗa Sarkin Makaɗa amintacce ba, kuma babu abin da ya hana a yi taro da Hausa sakatare ya rubuta.

Akwai kuma naɗa manya don ado. Mai kafa ƙungiya yakan jera sunayen tsohon kwamishina da ɗan majalisa don neman tallafi, su kuwa ba su san ranar taro ba. Wani lokaci matarsa da ƙaninsa ne sauran amintattun, wanda hakan ke sa babu mai iya tambayarsa lissafi. Idan amintacce ya rasu ko ya yi murabus, maye gurbinsa yana buƙatar ƙudurin babban taro da sabuwar sanarwa a jarida da amincewar hukuma, kuma ƙananan ƙungiyoyi sukan bar wannan har sai banki ya ƙi taɓa asusunsu.

Kula da lafiyar yara da mutuncinsu shi ma yana wuyan amintattu, tunda koyon kayan kiɗa yakan haɗa malami da ɗalibi su biyu, kuma ana tafiya da yara wasa a wasu garuruwa. Wannan ne ya sa masu ba da tallafi na waje suke neman rubutacciyar ƙa'idar kare yara kafin su saki kuɗi, suke kuma duba ko akwai mace, ma'aikaciyar jinya ko jami'ar walwala, a cikin waɗanda za a kai wa ƙara.