Kafin a kai kumburarriyar gwiwa wurin sakiya

Wani dattijo manomi aka kawo mana ɗakin shan magani a kan babur, ɗansa na tallabe da shi ta baya. Da ya ɗage wando sai ga gwiwar dama ta kumbura suntum tana ƙyalli, ga wurin sakiya uku, ɗaya na tsiyayar mugunya. Na ce, "Baba, yaushe aka yi wannan?" Ya ce kwana shida ke nan, an ce ruwa ne ya taru, sai an fitar. A ranar muka tura shi babban asibiti, don ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga gaɓar. Abin ya tsaya mini a rai. Ina so mu san abin da ke cikin gwiwa kafin mu yarda a sa mata ƙarfe.

Ita ce gaɓa mafi girma a jikin mutum, kuma ƙashi uku ne suka haɗu a wurin: na cinya daga sama, na ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa da ya tare gaba. In kana son gani da idonka, tsaya wurin mahauci yana raba ƙafar saniya. Dubi kan ƙashin, fari fat, santsi kamar tangaran. Guringuntsi ke nan, shi ya lulluɓe bakin ƙasusuwan don kada su riƙa gugar juna. A gwiwar mutum kaurinsa 'yan milimita ne kacal, kuma jini ba ya ratsa shi. Shi ya sa in ya cinye ba ya tofowa kamar yadda fata ke yi.

Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, aikinsu aikin gammo ne ga mai ɗaukar kaya. Sai manyan jijiyoyi huɗu da suka ɗaure gaɓar, biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna. Ɗaya daga cikin na tsakiyan ce kan tsinke wa samari a filin ƙwallo: ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, a ji ƙara, kafin dare gwiwa ta cika. A yi hoton ƙashi a ce lafiya lau, alhali hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai na MRI. Ɗori kuwa ba ya haɗa ta.

Gaɓar nan tana cikin wata jaka ce rufaffiya ruf. Cikinta akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, wanda a lafiyayyar gwiwa bai cika cokalin shayi ba. In ya yi yawa har gwiwa ta kumbura, alama ce ta wani abu, ko rauni, ko amosanin gaɓa, ko ƙwayar cuta. Ruwan ba shi ne ciwon ba. Ba raina wanzamai nake yi ba, akwai aikin da suka iya. Amma jakar nan Allah Ya yi ta babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, ranar da tsinke ko aska ya huda ta an buɗe musu ƙofa, kuma cikin 'yan kwanaki suna iya cinye guringuntsin. Likita ma yakan zuƙe ruwan, sai dai da sabuwar allura, bayan an wanke fata da magani, sannan a kai ruwan gwaji.

Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta lanƙwasuwa kuma ba ta takuwa, asibiti za a kai ta a ranar. Haka yaron da ya ƙi taka ƙafa, balle mai sikila.

Ciwon gwiwar iyayenmu da ake kira sanyin ƙashi, yawanci guringuntsin ne ya suɗe da shekaru da nauyi. Kwanciya ba ta taimakonsa, domin daga ruwan nan yake samun abinci, kuma sai an motsa yake tsotsa, kamar soso. Mama, zauna a kujera ki miƙe ƙafa sambal, ki ƙirga goma, ki sauke a hankali, sau goma safe da yamma. Naman cinya ne zai yi ƙarfi ya rage wa gaɓar aiki. Kilo 1 da mai ƙiba ya rage yakan sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Wanda tsayuwa ta gagara, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba shi damar salla a zaune. Haɗin ƙwayoyin masu talla kuwa a kiyaye shi, irin su diclofenac in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. In abin ya kai ga tiyata, akwai asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

Baba ya dawo bayan wata biyu yana dogara sanda. An wanke gaɓar, zazzaɓi ya tafi, amma gwiwar ba ta lanƙwasuwa sai rabi. Ya tambaye ni ko zai iya sunkuyawa noma bana. Na ce mu fara da miƙe ƙafa tukuna.