Waiwaye: Yadda Malaman Makarantun Gwamnati Suka Samu Haƙƙoƙinsu, da Gardamar Wa Zai Biya Kuɗin Ƙungiya

Malamin da ya kama aiki yau a makarantar gwamnati yakan tarar da wasu abubuwa a shimfiɗe: matakin albashi a rubuce, fansho, hutun haihuwa, da ƙa'idar cewa ba za a sallame shi ba sai an gaya masa laifinsa an kuma saurare shi. Da yawa suna ɗauka haka aikin yake tun asali. Shekaru 150 da suka wuce kusan babu ko ɗaya daga cikinsu.

A Ingila, dokar 1862 ta ɗaure kuɗin da gwamnati ke bai wa makaranta da sakamakon jarrabawar yara a karatu, rubutu da lissafi. Idan sufeto ya zo yara suka faɗi, aljihun malami ne ke ji a jika. Wannan na cikin abin da ya haɗa kan malaman firamare suka kafa ƙungiya a 1870, wadda daga baya ta zama NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa. Sun samu dokar fansho a 1898, sannan a 1919 aka kafa kwamitin Burnham, inda wakilan malamai da na hukumomin ilimi ke zama su tsara albashi na bai ɗaya. Mata kuwa sai da suka ƙara jira. A wurare da dama malama na yin aure aikinta ya ƙare, kuma sai dokar ilimi ta 1944 ce ta hana haka.

Labarin Shikago a Amurka ya fi nuna yadda abin yake da zafi. Malaman firamare, galibinsu mata, sun kafa ƙungiyarsu a 1897 don kare tsarin fanshon da suka samu da kuma neman ƙarin albashi. Da hukuma ta ce babu kuɗi, sai Margaret Haley, ɗaya daga cikin jagororinsu, ta shiga binciken takardun haraji, ta gano manyan kamfanonin gas, lantarki da sufuri ba sa biyan abin da ya hau kansu. Ƙungiyar ta je kotu ta yi nasara. Hukumar ilimi ba ta manta ba. A 1915 ta haramta wa malamai shiga ƙungiyar ƙwadago, a 1916 kuma ta ƙi sabunta aikin malamai 68. A shekarar ce aka kafa AFT, tarayyar ƙungiyoyin malaman Amurka, kuma a 1917 jihar Illinois ta yi dokar da ta bai wa malaman birnin tabbacin aiki. Masu sukar irin wannan doka a yau suna cewa tana kare ragon malami, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wasu lokuta. Amma an yi ta ne saboda ana korar malami don ra'ayinsa, ko don a buɗa wa ɗan gidan wani gurbi.

Har zuwa lokacin, a Amurka ƙungiya roƙo take yi, hukuma ta ga dama ta ji. Sauyin ya zo a New York, inda malamai suka yi yajin aikin kwana ɗaya a Nuwamban 1960, suka kuma samu rubutacciyar yarjejeniya a 1962. Abin da suke nema bai tsaya kan albashi ba. Har da samun ɗan hutun rana wanda ba a ɗora wa malami gadin yara a cikinsa, da hanyar kai ƙara idan shugaban makaranta ya zalunce shi. Jihar New York ta amince da zaman sasantawa, amma dokar Taylor ta 1967 ta hana ma'aikatan gwamnati yajin aiki, har shugaban malaman birnin, Albert Shanker, ya sha ɗaurin kwana 15.

A matakin duniya, ranar 5 ga Oktoban 1966 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙwadago (ILO) da na ilimi (UNESCO) suka fitar da takardar shawarwari kan matsayin malamai. Ta ce a tsara albashi da yanayin aiki ta hanyar zama da ƙungiyoyin malamai. Ta ce malamin da ake tuhuma a sanar da shi a rubuce, a ba shi lokacin kare kansa, ya zo da wakilin da ya zaɓa, ya kuma iya ɗaukaka ƙara. Ta ce kada aure ko juna biyu su zama dalilin raba mace da aiki. Takardar ba ta da ƙarfin doka a kan kowace ƙasa, amma ita ce madogarar ƙungiyoyi da yawa, kuma ranar da aka amince da ita ce ta zama Ranar Malamai ta Duniya tun 1994.

To, a nan ne nasarar ta haifi matsalarta. Da zarar ƙarin albashi ya shiga yarjejeniya ko doka, kowa zai samu, da wanda ake cire wa kuɗin ƙungiya duk wata da wanda bai taɓa ba da ko sisi ba. Mambobi sukan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1977 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Abood da ta taso daga malaman Detroit, ta yarda a riƙa karɓar wani kaso daga wanda ba mamba ba don biyan ɗawainiyar wakiltarsa, ban da harkar siyasa. A 2018 kotun ta soke wannan a shari'ar Janus, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, bisa hujjar cewa tilasta biya ya taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki. Hujjar ba ta banza ba ce, domin akwai malamin da bai yarda da 'yan takarar da ƙungiyarsa ke mara wa baya ba. Sai dai har yanzu doka na buƙatar ƙungiyar da ke wakiltar ma'aikata ta wakilci kowa da adalci, ko ya biya ko bai biya ba.

Shi ya sa ƙungiyoyi suka ƙara mai da hankali kan abin da mamba kaɗai ke samu: lauya idan iyaye ko hukuma suka zarge shi, inshorar da ke biyan diyya idan aka maka shi kotu kan abin da ya faru a aji, ƙuri'a kan yarjejeniya da zaɓen shugabanni, horon ƙara sani, da rangwamen sayayya. A ganina rangwamen ado ne kawai. Lauyan nan ne ke riƙe da yawancin mambobi, don zargi ɗaya na iya rusa aikin shekara ashirin.

Haƙƙin da aka samu kuma yana iya kuɓucewa. Ingila ta rushe tsarin Burnham a 1987. A Amurka, jihar Wisconsin, wadda ta fara bai wa ma'aikatan ƙananan hukumomi damar sasantawa a 1959, ta taƙaita ta a 2011 zuwa ainihin albashi kawai. A West Virginia kuwa, inda doka ba ta bai wa malamai wannan damar ba, sun rufe makarantu a dukkan gundumomi 55 a 2018, na tsawon kwanakin karatu tara, har gwamnati ta sa hannu kan ƙarin kashi 5 cikin ɗari.